Ranar da Umma ta ɗaure Hanan a kan sirdi

Abin ya fara lalacewa ne da ƙarfe huɗu da rabi na yammar wata Alhamis, lokacin da Umma ta ɗaga sandar ƙofar filin hawa ta shigo. Na fara da wannan ne domin na san abin da kuke ji a gidajen dangi a unguwar Sa'alaba, nan Jidda. Kun ji ana cewa uwarku ce ta kai ƙarar uwarta wajen Larabawa, ta raba ƙanwarta da abu guda da take so a duniya. Ke Rukayya har kin taɓa tambayata muna girki, na ce ki miƙo mini gishiri. Yanzu da idona ya fara gajiya da karatu, gara ku ji yadda aka yi daga bakina.

Ba ku san Hanan ba sai a hoto. Ita ce autarmu, kuma an haife ta da lalurar da ta hana jikinta ƙarfi. Ba ta tafiya, bayanta ba ya tsayuwa sai an tokare shi da matashi, magana kuwa kalma ɗaya ce ko biyu, da ƙyar. Gidanmu yana hawa na uku a wani tsohon bene marar lif, don haka tun da aka haife ta har ta shekara tara a bayan Umma take. Umma za ta sunkuya, a ɗora mata ita, ta ja zani, ta ɗaure da wani majanyi saƙi mai ratsin baƙi da kakarmu ta zo da shi daga Kano shekarar da suka zo aikin hajji suka zauna. Sannan ta yafa abaya a kai. Haka suke zuwa asibiti, haka suke zuwa kasuwar Balad, ƙafafun Hanan suna reto har gwiwar Umma. Yayanmu Usama ya sha cewa a bar shi ya ɗauke ta ko a matakala ne, Umma ta ce hannun namiji bai san inda yake mata ciwo ba. Kakarmu, wadda muke kira Sitti, takan ce wannan shi ne goyon da ba yaye.

Ni a lokacin ina kwalejin 'yan mata, kuma ba ni da abin da na iya sai littafi. Ko sallamar baƙi na ji a falo, ɗaki nake shigewa. Wata malamarmu ce ta ba mu labarin wata ƙungiyar taimako da ke da bargar dawaki a arewacin Jidda, bayan an wuce gine-gine, inda ake ɗora yara masu lalura a kan doki domin tafiyarsa ta motsa musu ƙugu da baya. Ta ce ranar Alhamis ta mata ce, kuma suna neman 'yan mata masu aikin sa kai. Na rubuta sunan Hanan, na rubuta nawa. Da na ji tsoron zuwa ni kaɗai, sai na ja Fauziyya, 'yar Hajiya Dije maƙwabciyarmu, wadda bakinta ba ya hutawa kamar yadda nawa ba ya buɗewa.

Shugabar wurin, Abla Nawal, 'yar Jidda ce mai kaushin murya, kuma kafin ta bari mu taɓa ko ragamar doki sai da ta zaunar da mu ta karanta mana dokoki. Kowane yaro mutum uku ne a kansa, ɗaya riƙe da ragama a gaba, biyu suna tafiya a gefe. Ba a hawa sai da hular kwano. Mai sa kai ba ta keɓewa da yaro a ɗakin canza kaya, sai da ta biyu. Iyaye suna zama a rumfa bayan shinge, ba sa shiga fili. In wani abu ya faru, duk wadda ta gani za ta faɗi abin da ta gani ita kaɗai, ba a gaban sauran ba. Mai sa kai in ta ji rauni tana kan doka, ƙungiya ce za ta tsaya mata a asibiti, in kuwa ita ta karya dokar da ta jefa yaro cikin haɗari, an sallame ta ke nan, ba takardar shaida. Akwai guda ɗaya da Abla ta maimaita tana buga tebur da yatsa: ba a ɗaure yaro a jikin doki, da komai, ko don me.

"Yaron da ya faɗo, sau ɗaya ya faɗo, kuma a kan rairayi," in ji ta. "Wanda aka ɗaure, doki ne zai tafi da shi."

Na haddace su duka a mako guda, kamar za a yi mini jarrabawa. Fauziyya ta laƙaba mini suna Ustaza Mamnu'u, wai ba abin da na iya faɗa da Larabci sai an hana.

Wata goɗiya fara aka ba Hanan, tsohuwa mai haƙuri, sunanta Nasma. Ba zan ce muku Hanan ta warke ba. Amma bayan 'yan watanni ta fara riƙe kanta tsaye na ɗan lokaci ba tare da hannunmu ba, kuma a kan goɗiyar nan na fara jin ta yi dariya da sauti. Ta koyi cewa "yalla" in tana so a tafi. Tun daga Laraba take fara faɗarsa a gida, tana kallon ƙofa. Umma kuwa a rumfa ba ta taɓa zama a kujera ba. Tana tsaye jikin shinge, majanyin yana hannunta tana murɗa shi, in Hanan ta karkata dama sai ka ga kafaɗar Umma ta karkata.

Ranar da nake ba ku labari Hanan ta tashi da mura, jikinta ya saki fiye da kullum. Muna zagaye na biyu sai wata yarinya ta faɗi da farfaɗiya a ɗakin jira, Abla ta ce mu tsaya inda muke, ta ruga. Muka tsaya a tsakiyar fili. Wata sabuwar yarinya mai suna Rim ce riƙe da ragama, ni ina hagu, Fauziyya tana dama. Hanan ta gaji da zaman, ta fara zamewa gefena, ina tallafe ta ina mai da ita. Ban ga tahowar Umma ba, sai dai na ji ƙamshin turarenta a bayana. Kafin in juya ta zagaya majanyin a ƙugun Hanan, ta zura bakinsa ta mariƙin ƙarfen da ke gaban sirdi, ta ƙulle irin ƙullin da take yi a ƙirjinta kullum.

"Umma, an hana," na ce. "Ba a ɗaurewa."

"Wa ya hana? Ba kya ganin za ta faɗo?"

"Muna riƙe da ita. Don Allah ki kwance."

"Shekara tara ina ɗaure ta, ta taɓa faɗuwa?"

"Hajiya, bayanki daban, bayan Nasma daban," in ji Fauziyya daga can gefen, tana dariya don ta sassauta maganar, hannunta yana laluben ƙullin.

Na kai hannu ni ma, Umma ta buge shi. Ban sani ba ko ƙarar bugun ce, ko jelar majanyin ce da iska ta kaɗa ta shafi cikin goɗiyar. Nasma da ba ta taɓa ko ɗaga kunne ba ta zabura gefe, ragamar ta suɓuce wa Rim, ni kuma kafaɗar goɗiyar ta watsar da ni. Da na ɗago, sirdin ya juya, Hanan tana rataye a gefen dama, kanta ƙasa, hular kwanonta tana gab da kofato. Fauziyya ba ta sake ta ba. Ta rungume ta a ƙirji tana gudu tare da goɗiyar, har Nasma ta matse ta a jikin ƙarfen shinge ta taka mata ƙafa. A nan ma'aikacin barga ya kama linzami, aka yanke majanyin da wuƙa. Hanan ta tsira da ƙujewa a kumatu. Ƙafar Fauziyya kuwa ta karye a wuri biyu, ƙashin ƙugunta ya tsage.

Washegari Juma'a, gidanmu ba wanda ya ci abincin kirki. Abla ta aiko cewa ranar Asabar kowa zai je ya faɗi abin da ya gani. Mun riga mun ji abin da Rim ta faɗa tun a asibiti: suna magana da yarensu, na ga hannun mutum uku a kan tsumman, ban san wadda ta ƙulla ba. Umma kuma, da Abla ta tambaye ta a gigice a bakin motar asibiti, cewa ta yi ta miƙa ƙyallen ne don a share wa yarinya baki. Bayan sallar Juma'a ta kira ni ɗakinta. Hanan tana kwance a cinyarta tana barci.

"Sumayya, in sun tambaye ki, ki ce ba ki gani ba. Kina gefen hagu, doki ya tare miki."

"Umma, a gefena kika tsaya."

"To ki ce hankalinki yana kan yarinya."

"In na ce haka, Fauziyya za a ɗora wa."

"Ba wanda zai ɗora mata. Za su ce tsautsayi ne, halas, shi ke nan. Amma in suka ji ni ce, za su kore mu. Ki dube ta. Ina kuma za ta je?"

Sitti tana bakin ƙofa da carbinta. Ta ce, "Ke 'yar takarda, a garinmu ba a tsayar da uwa a gaban alƙali. Wadda ta goye ki ba ta zama abin nuni a bakinki ba." Usama ya ɗauki makullin motarsa ya fita.

Da yamma na sa ya kai ni asibiti. Na sami Fauziyya an rataye mata ƙafa, fuskarta ta kumbura, Hajiya Dije ta fita nemo shayi.

"Ustaza Mamnu'u," ta ce, "kin zo ki karanta mini doka ta nawa na karya?"

"Me za ki ce wa Abla?"

"Zan ce na manta. Na bugu a kai, wa zai ƙaryata ni?"

"Ba a kai kika bugu ba."

"To a ƙafa nake ajiye tunanina." Ta yi dariya, dariyar ta ja mata ciwo. Can ta ce, "Sumayya, Ummanki ce ta yi mini wanka ranar da aka haife ni, da hannunta ta fara ba ni ruwa. Ba zan kira sunanta ba. Ki bar shi a kaina, ni dai na riga na karye."

"Takardar shaidarki fa?"

Ta juya fuskarta bango. Na san dalilin da ya sa take jure zafin rana a filin nan duk Alhamis ba don ni kaɗai ba ne. Tana so ta shiga makarantar koyar da yara masu lalura, kuma ba sa karɓar kowa sai da shaidar ya yi aiki da irin yaran lafiya lau. In aka rubuta cewa ita ta ɗaure yarinya a kan doki, ko aka bar abin a rataye tsakaninta da wata, wannan ƙofar ta rufe. Ga kuma asibitin da za a daɗe ana yi, wanda ƙungiya ba za ta tsaya mata ba sai in ta tabbata tana kan doka.

Ina so ku fahimci abin da ke gabana a lokacin, domin masu ba ku labari suna tsallake shi. Ni ban ɗauki Umma mai laifi irin na mugunta ba, har yau ban ɗauka ba. Abin da hannunta ya sani ke nan. Duk matan unguwarmu da suka ji, cewa suka yi ai ko su ne haka za su yi, wa zai ga ɗansa yana zamewa daga kan dabba ya naɗe hannu? Amma na ga kan Hanan yana lilo kusa da kofato, kuma na san in ba a faɗi abin da ya jawo ba, wata Alhamis wata uwar za ta shigo da nata zanin. Duk da haka ba wannan ne ya hana ni barci ba. Abin da ya hana ni shi ne Hanan, da kalmarta guda ɗaya, da abin da za a yi da ita in na buɗe baki.

Ranar Asabar na shiga ofishin Abla Nawal, na zauna a bakin kujera. Akwai wata mace daga kwamitin ƙungiyar tana rubutu. Muryata ba ta fita sosai, sai da Abla ta kashe fanka.

"Abla, kafin in faɗa, ina da tambaya. In uwa ce ta karya doka, me za a yi wa yarinyar?"

Ta ce, "Ba ma hukunta yaro, 'yata. Gurbinta yana nan. Amma uwar ba za ta sake shigowa harabar nan ba, ko rumfa. Wani babba daga gidan ya kawo ta."

Na ji sanyi a raina, domin na ɗauka na sami hanyar da ba wanda zai rasa komai. Ni zan iya kawo ta, Usama yana kai mu. Sai na faɗi duka, yadda na ba ku labari, har da abin da Fauziyya ta ce da inda hannunta yake. Aka karanta mini, na ce haka ne.

Kafin in iso gida an riga an kira Umma an gaya mata hukuncin. Ba ta zage ni ba, ba ta ɗaga murya ba. Ta ce da Usama ya gaya wa ƙanwarsa abincinta yana kicin. Hajiya Dije ta hau benenmu da yamma, ta zauna da Umma suka yi kuka tare, da za ta fita ta dafa kaina. Sauran unguwa kuwa sun ce da yawa. A wajen biki mata sukan yi shiru in na shigo, wata gwaggonmu daga Ruwais ta ce karatu ya cinye mini kunya.

Alhamis ta zagayo. Tun azahar na sa wa Hanan wandonta da takalminta mai rufi, tana ta cewa yalla. Usama ya yi hon a ƙasa. Na sunkuya zan ɗauke ta sai Umma ta shigo, ta zare takalmin a hankali, ta mai da shi ƙarƙashin gado.

"Umma, sun ce gurbinta yana nan. Ni zan kai ta, in dawo da ita."

Ba ta dube ni ba. Ta ce wa Hanan, "Yau ba fita, Auta. Zo in yi miki kitso."

Haka aka yi Alhamis ta gaba, da wadda ta biyo ta. Usama ya yi magana, Sitti da kanta ta sauko daga fushinta ta ce a bar yarinya ta je, Abla ta aiko har sau biyu. Umma ta ce a'a, kuma ba ta ba kowa dalili ba. Kowa ya ɗauka ni take hukuntawa, ni ma haka na ɗauka. Abla ta riƙe gurbin har ƙarshen zangon, sannan ta ba wani yaro da ke jira. Hanan ta ci gaba da faɗin kalmarta ranar Laraba na wani lokaci, daga baya ta daina. Bayanta ya koma yadda yake, har ya fi. Tana da shekara goma sha biyu ciwon ƙirji ya ɗauke ta. Likita bai ce rashin hawa ne ya kashe ta ba, ni ma ban ce ba, kada wani ya gaya muku haka.

Fauziyya ta yi wata da watanni kafin ta taka ƙasa, ƙungiyar ta tsaya mata har ƙarshe. Ita ce Anti Fauziyya da kuka sani, mai ɗingishi, wadda ta koyar da yara kurame har ta yi ritaya. Ta yi fushi da ni ita ma, na kusan shekara, wai na sa ta ci amanar Umma ba da bakinta ba. Na ci gaba da zuwa bargar har na gama kwaleji, ina tafiya a gefen 'ya'yan wasu. Bayan abin da ya faru sun ƙara doka: kowace uwa, kafin a ɗora ɗanta, sai an zaunar da ita an yi mata bayani da harshen da take ji, ba a miƙa mata takardar Larabci kawai ba. Ni aka sa nake yi wa matanmu da Hausa. Umma ba wanda ya taɓa zaunar da ita.

Tsakanina da ita magana ta dawo a hankali, irin ta miƙo wannan, kashe wancan. Ta yi mini aure, ta yi mini wankan jegon kowannenku, amma sunan Nasma bai sake fitowa a gidan ba. Sai a shekararta ta ƙarshe, lokacin da ta dawo gidana bayanta ya ranƙwafe ba ta iya miƙewa. Wata rana da hantsi ina shafa mata man zafi a kafaɗa, tana kife a kan katifa ba ta ganin fuskata, na sami ƙarfin halin da ban samu ba shekaru masu yawa.

"Umma, na san na ɓata miki. Amma me ya sa ba ki bari na riƙa kai ta ba? Da kin hukunta ni ta wata hanyar."

Ta amsa, bakinta a jikin matashi.

"Ke kika ɗauka hukunci ne? Gaskiya kika faɗa, na sani tun ranar. Kuma sun yi daidai da suka hana ni shiga, don ko yau aka dawo mini da ita na ga tana zamewa, wallahi zan ɗaure ta. To ni ba a bar ni in tsaya kusa ba, kuma ba zan iya zama a gida tana can kan doki ba. Na duba, na duba, Sumayya, ban ga yadda zan yi ba. Sai na zaɓi wanda zan iya ɗauka, ita kuma ta biya."